Wa Ke Riƙe da Hatimi, Wa Ke Riƙe da Asusu? Sharhi Kan Yadda Ƙasashe Ke Tsara Ƙananan Hukumomi

Taswirar mulki ta kowace ƙasa kusan kama ɗaya take: manyan yankuna, a cikinsu matsakaita, a cikin matsakaitan kuma ƙanana, kamar jeren ƙore. Najeriya na da jihohi 36 da Babban Birnin Tarayya, ƙarƙashinsu ƙananan hukumomi 774. Kamaru na da jihohi 10, gundumomi 58 da ƙananan yankuna 360. Afirka ta Kudu na da larduna 9 da hukumomin gari 257. Faransa kuwa, ƙananan hukumominta sun kusa 35,000. Wanda ya tsaya a nan zai zaci bambancin na yawa ne da suna kawai. To amma kama da wane ba ta wane. Layin da aka ja a taswira bai faɗa maka wanda ya ɗora shugaban yankin kan kujera ba, bai faɗa maka wanda zai iya sauke shi ba, bai kuma nuna maka hanyar da kuɗi ke bi kafin su isa hannunsa. A waɗannan wurare ne ake gane ko yanki gwamnati ne mai cin gashin kanta, ko kuwa reshen ofis ne da aka kafa masa tuta.

Abu na farko da ya kamata a rarrabe shi ne igiyoyi biyu da ke ratsa kowane yanki. Ɗaya daga sama take saukowa. Gwamnatin tsakiya ta naɗa jami'inta, ta tura shi yanki, shi ne idonta da kunnenta, gare ta yake kai rahoto, ranar da ta ga dama ta sauya masa wurin aiki. Ɗayar daga ƙasa take hawa: mutanen yankin su zaɓi majalisa da shugaba, doka ta ware musu ayyuka da dukiya da kasafin kuɗi nasu na kansu, su iya ƙulla kwangila, su kai ƙara, a kuma kai su ƙara da sunansu. Ta farko rarraba ma'aikata ce, ta biyu sakin iko ce. Gwamnatoci kan yi ta farko su kira ta da sunan ta biyu.

Faransa ce makarantar wannan tsari mai igiya biyu. A 1790, bayan juyin juya hali, aka rushe tsofaffin larduna aka yanka ƙasar zuwa gundumomi 83, da nufin duk inda mutum yake ya iya kai wa hedikwata cikin tafiyar yini guda a kan doki. A 1800 Napoleon ya ɗora wa kowace gunduma prefe, wato kantoman da Faris ta naɗa. Kusan shekara ɗari da tamanin shi ne wuƙa shi ne nama: majalisar gunduma ta yi muhawara, shi ya zartar. Sai dokokin 1982 suka karɓe ikon zartarwa daga hannunsa suka miƙa wa zaɓaɓɓen shugaban majalisa. Abin da ya rage masa shi ne tsaro, wakilcin gwamnati, da duba ko shawarwarin majalisa sun dace da doka. A da yana iya soke shawara da alƙalaminsa. Yanzu in bai gamsu ba sai dai ya garzaya kotun da ke shari'ar harkokin mulki. Wannan ɗan sauyi, daga neman izini kafin aiki zuwa bincike bayan aiki, ya fi ƙirƙiro gundumomi ɗari muhimmanci.

Ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka sun gaji wannan fasali. A Nijar, jihohi takwas ne har da Yamai, kowace da gwamnan da aka naɗa, ƙarƙashinsu gundumomi da prefe ke jagoranta. Kafin Afrilun 2024, zaɓaɓɓu suna a matakin majalisar jiha da na ƙaramar hukuma, inda kansiloli ke fitar da magajin gari daga cikinsu. An yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a ƙarƙashin wannan tsari a 2004. A Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun ta maye gurbinsu da naɗaɗɗun jami'ai, aka wayi gari igiyar da ke hawa daga ƙasa ta tsinke, ta saman ce kaɗai ta rage. Taswirar kuwa ko layi ɗaya bai motsa ba.

Ghana ta tufka igiyoyin biyu ta mai da su ɗaya. A kowace majalisar gunduma, kashi 70 cikin ɗari na mambobi zaɓaɓɓu ne ba tare da tutar jam'iyya ba, kashi 30 shugaban ƙasa ke naɗawa. Shugaban gundumar ma shi ke ba da sunansa, sai dai dole kashi biyu bisa uku na mambobin da suka halarta suka kaɗa ƙuri'a su amince. An shirya ƙuri'ar raba gardama a Disambar 2019 kan shigar jam'iyyu cikin zaɓen ƙananan hukumomi, aka fasa ana dab da yi. Illar wannan tsari a fili take: mutumin da ya san daga Accra aka ɗora shi, can zai riƙa duba kafin ya duba kasuwar garinsa. Kenya kuma ta bar igiyoyin suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Tsarin mulkin 2010 ya samar da gundumomi 47 masu zaɓaɓɓun gwamnoni da majalisu, suka fara aiki a 2013, amma a kowace gunduma akwai kwamishinan da gwamnatin Nairobi ta naɗa, mai kula da tsaro.

Tambaya ta gaba ita ce, a doka, ƙaramar hukuma ta wace ce? A ƙasa mai gwamnati ɗaya amsar ba wuya: majalisar ƙasa ce ta ƙirƙire ta, ita ke iya yi mata kwaskwarima. A tarayya ne ake cukurkuɗewa, domin akwai iyaye biyu. Tsarin mulkin Amurka ko ambaton ƙananan hukumomi bai yi ba, kowace jiha ke tsara nata. Brazil ta bi akasin haka, tsarin mulkinta na 1988 ya ɗauki hukumomin gari a matsayin ɓangaren tarayya mai zaman kansa, daidai da jihohi wajen samun asali daga kundin. Najeriya ta tsaya a tsakiya, kuma tsakiyar nan ce tushen rigimar. Sashe na 7 na kundin 1999 ya ba da tabbacin cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi, sannan a numfashi guda ya ɗora wa jihohi alhakin yin dokar kafa su, tsarinsu, kuɗinsu da ayyukansu. Bai ƙayyade wa'adin mulkinsu ba. Bai ce ga ranar da dole a yi zaɓe ba. Zaɓen kuma ya damƙa shi ga hukumar zaɓe ta jiha, wadda gwamna ke naɗa mambobinta. Tuwona maina ke nan. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ga jam'iyyar da ke mulkin jiha ta kwashe duk kujerun ciyamomi, ko kuma a shafe shekaru ana sabunta wa'adin kantomomin riƙo.

Indiya ta taɓa fama da irin wannan ciwo, kuma maganin da ta yi masa ya cancanci a duba shi dalla-dalla. Gyaran tsarin mulki na 73, wanda aka zartar a 1992, bai ƙwace majalisun karkara daga hannun jihohi ba. Abin da ya yi shi ne toshe kafofin da ake zurarewa. Ya ce wa'adi shekara biyar ne. In an rushe majalisa kafin lokaci, dole a yi sabon zaɓe cikin wata shida. Aƙalla kashi ɗaya bisa uku na kujeru na mata ne. Kowace jiha ta kafa hukumar da za ta duba rabon kuɗi tsakaninta da majalisun duk bayan shekara biyar. Tsarin hawa uku ne, ƙauye da yanki da gunduma. Inda gyaran ya yi sako-sako shi ne wajen ayyuka: ya jero fannoni 29 da za a iya miƙawa, ya bar wa kowace jiha ta zaɓi nawa za ta saki. Sakamakon shi ne galibi zaɓe na gudana a kan kari, amma ƙarfin majalisun ya sha bamban daga jiha zuwa jiha.

Sai batun kuɗi, inda mafi yawan tsare-tsare ke karyewa.

Ƙaramar hukuma na samun kuɗi ta hanya uku: abin da ta tara da kanta, kason da ake turo mata daga sama, da bashi. Bashi sai manyan birane, don haka a ajiye shi gefe. Abin da ta tara da kanta kuwa ya danganta da irin harajin da aka bar mata, kuma kusan ko'ina gwamnatin tsakiya ta riga ta kwashe masu tsoka: harajin kamfanoni, kwastan, ma'adinai, harajin kayan masarufi. Jadawali na Huɗu na kundin Najeriya misali ne mai kyau. Ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, magudanan ruwa, sanya wa tituna suna da lambar gidaje, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da lasisin kekuna, amalanke, baro da kwalekwale. Ya kuma ce su sa hannu a ilimin firamare, kiwon lafiya da noma. Ka auna nauyin makarantun firamare a ɗaya hannun, kuɗin lasisin baro a ɗayan.

Harajin da ya fi dacewa da ƙaramar hukuma shi ne na gidaje da filaye, domin gida ba ya ƙaura zuwa maƙwabciyar gunduma don gudun biya. Amma tara shi sarƙa ce mai ƙarfe huɗu, ɗaya ya tsinke duk ta zube. Sai an yi rajistar kowane gini da mai shi. Sai an kimanta darajarsa, kuma a riƙa sabunta kimar, in ba haka ba hauhawar farashi ta cinye harajin. Sai takardar biya ta isa ƙofar gidan, wanda ba ya yiwuwa a unguwar da tituna ba su da suna. Sai kuma a sami hukuncin da zai hau kan wanda ya ƙi biya, alhali manyan masu gidaje su ne masu faɗa a ji a garin. Da yake wannan aiki ne mai wuya kuma mai jawo baƙin jini, sai hukumomi su koma ga mai sauƙi: 'yan tikiti a bakin kasuwa da shingen igiya a kan hanya. Kuɗin da ake samu ta nan kaɗan ne, hannu da hannu ake karɓa, rabi ya tsaya a aljihun mai karɓa, nauyin kuma ya faɗa kan ƙananan 'yan kasuwa.

Don haka kason sama shi ne jinin jikin yawancin ƙananan hukumomi, kuma ana raba shi ne hawa biyu. Da farko a yanke wa kowane mataki na gwamnati rabonsa. A Najeriya, daga Asusun Tarayya gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. A Kenya kundin ya ce gundumomi kada su gaza samun kashi 15 na kuɗin shigar ƙasa, amma ana lissafin ne da asusun shekarar da aka kammala bincikawa kuma majalisa ta amince da shi, wanda kan iya zama na shekarun baya. Wannan 'yar jimla kaɗai na rage ainihin darajar kason. A Ghana mafi ƙarancin abin da za a zuba a asusun bai-ɗaya na gundumomi kashi 5 ne, ƙorafin da aka saba ji kuma shi ne jinkirin sakin kuɗin. Hawa na biyu shi ne rabon tsakanin hukumomin su da kansu, bisa ma'auni irin su daidaito, yawan jama'a, faɗin ƙasa da ƙoƙarin tara haraji.

Amma adadin kaso bai kai hanyar da yake bi muhimmanci ba. Sashe na 162 na kundin Najeriya ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, inda kason ke sauka kafin a raba. Manufar asali ita ce jiha ta ƙara nata gudummawar a kai sannan ta rarraba. A aikace sai ya zama rijiya ta bayar guga ya hana. Tun a wurin ake cire albashin malaman firamare, fansho, kason masarautu, kuɗin horar da ma'aikata, da na ayyukan da ake kira na haɗin gwiwa, waɗanda sau da yawa a fadar gwamna aka zaɓe su aka kuma ba da kwangilarsu. Wasu daga cikin waɗannan cire-cire suna da hujja, gaskiya ce. An fara cire albashin malamai daga tushe ne saboda an sha ganin ƙananan hukumomi sun bar su watanni ba biya. Matsalar ita ce babu iyaka a rubuce, babu kuma wanda ke wallafa lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamnoni ba su da hurumin maye gurbin zaɓaɓɓu da kantomomi. Hukuncin ya taɓa bututun kuɗi, amma bai taɓa hukumar zaɓe ta jiha ba. Ciyaman ɗin da gwamna ya tsayar, hukumar gwamna ta sanar da nasararsa, majalisar jiha kuma ke iya dakatar da shi, in kuɗi sun shigo asusunsa kai tsaye ba ya buƙatar a tuna masa inda zai kai gaisuwa.

Akwai wata cuta kuma da ke kama har ƙasashe masu arziki: a sauke wa ƙaramar hukuma aiki a riƙe kuɗin aikin. A ce asibitin sha-ka-tafi nata ne, amma ɗaukar ma'aikata da ƙayyade albashinsu na wata hukuma ce a babban birni. In magani ya ƙare ita ake zagi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙa'idar da masana harkar ke maimaitawa ita ce aiki da kuɗi da ma'aikata su sauka tare. In ɗaya ya maƙale a sama, sauran biyun ado ne.

Girman ƙaramar hukuma shi ma ba a banza yake fitowa ba, ma'aunin rabon kuɗi ne ke sassaƙa shi. A ɗauka an ware kashi 40 na kason don a raba daidai wa daida, ba ruwan kowa da yawan jama'a. Yankin da ya tsage gida biyu ya tashi da rabo biyu daga wannan tukunya, ga sabuwar sakatariya, sabon ciyaman, sababbin kansiloli da guraben aiki. Kowa zai so ya tsage. Tukunyar kuwa ba ta ƙaru ba, cokula ne suka yi yawa, kuma abin da zai tafi ga rijiya da aji sai ya tafi ga albashi da motocin ofis. Gyaran 1976 a Najeriya, wanda ya maye gurbin tsarin En'e da fasali iri ɗaya a duk ƙasa, ya fara da ƙananan hukumomi 301, da ƙa'idar kowace ta ƙunshi mutum tsakanin 150,000 da 800,000. Zuwa 1996 sun kai 774. Sojoji ne suka yi yawancin yankan, shi ya sa har yau ake jayayya kan yadda Kano ke da 44, Legas 20, Bayelsa 8. Uganda ta tashi daga gundumomi 33 a 1986 zuwa fiye da 130. Brazil ta ga ambaliyar sababbin hukumomin gari bayan 1988, har sai da ta gyara kundinta a 1996 don taka burki.

Kundin Najeriya na 1999 ya tsaurara ƙofar ƙirƙirar sabuwar ƙaramar hukuma. Sai kashi biyu bisa uku na wakilan yankin a majalisar jiha da a majalisun ƙananan hukumomin da abin ya shafa sun goyi bayan buƙatar. Sai a yi ƙuri'ar raba gardama, kashi biyu bisa uku na mutanen yankin su amince. Sai majalisun mafi yawan ƙananan hukumomin jihar su yarda, sai kashi biyu bisa uku na majalisar jiha ta zartar. Bayan duk wannan, sunan sabuwar hukumar ba zai shiga jadawalin kundin ba sai Majalisar Tarayya ta yi doka. Legas ta gwada a zamanin gwamna Bola Tinubu, ta ƙirƙiro 37, shugaba Obasanjo ya riƙe kason ƙananan hukumomin jihar. A 2004 Kotun Ƙoli ta ce riƙe kuɗin haramun ne, amma sababbin hukumomin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta yi nata. Suna nan har yau a matsayin yankunan raya ƙasa, suna cin abinci daga kason 20 ɗin asali.

Wasu ƙasashen kuma baya suka ja. Denmark ta haɗe hukumomin gari 271 zuwa 98 a 2007. Japan ta rage nata daga sama da 3,200 a 1999 zuwa kusan 1,700 cikin shekara goma sha ɗaya. Hujjarsu ita ce ƙaramin gari ba zai iya ɗaukar injiniya, akanta da likita ba. Farashin haɗewa shi ne nisa: ofis ya yi wa na ƙauye nisa, kansila ɗaya ya wakilci mutanen da bai san fuskarsu ba. Faransa ta ƙi taɓa ƙauyukanta, har akwai wasu kusa da Verdun da yaƙin duniya na farko ya shafe, ba kowa a cikinsu amma suna nan a rajista da magajin gari. Dabarar da ta yi ita ce tilasta musu shiga ƙungiyoyin haɗin gwiwa da ke gudanar da ruwan sha, shara da sufuri a madadinsu. Ya yi aiki, sai dai ya ƙara hawa guda a kan tsarin da dama ya yi wa talaka yawa.

Manyan birane su ne suka fi shan wahalar layukan da aka ja tun garin yana ƙarami. Birnin Kano a yau ya bazu a ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Ungogo da Kumbotso. Magudanar ruwa ɗaya na iya ratsa uku daga cikinsu. In ta sama ta yashe nata, ta ƙasa ba ta yashe ba, ruwan damina zai dawo gidajen duka biyun. Babu ɗaya daga cikinsu da ke da hurumin tsara sufurin birnin ko wurin zubar da shararsa, don haka jiha ta kafa hukumominta ta karɓe ayyukan, har da waɗanda kundin ya rubuta da sunan ƙaramar hukuma. Afirka ta Kudu ta bi wata hanya: manyan biranenta takwas, irin su Johannesburg da Cape Town, kowanne hukuma ɗaya ce mai majalisa ɗaya, kasafi ɗaya da rajistar gidaje ɗaya, ta yadda harajin unguwar masu hali zai iya shimfiɗa bututun ruwa a unguwar marasa hali ba tare da ya tsallaka iyakar kowa ba.